Magimfa: tana bugar da kifi, tana kashe ƙwaron wake, wani lokaci kuma ta ƙi ci

Wanda ya saba cefane a kasuwar Katako ta Jos ya san yadda ake sayen wake idan rani ya tsaga. Mai saye za ta ɗebi tafi guda, ta kai hanci, ta murza, sannan ta dubi mai awo ta ce, "Alhaji, ba magani a ciki dai ko?" Shi kuma ya rantse da abincinsa. Har ta kai wasu matan Jos sun fi samun natsuwa da waken da suka ga ƴan huje-huje a jikinsa, a kan lissafin cewa abin da bai kashe ƙwaro ba ba zai kashe mutum ba. Abin dariya ne, amma akwai hankali a ciki.

Tsoron yana da tushe. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda sinadarin dikilobos da aka riƙa samu a cikinsa, wato ruhin abin da muke kira fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, a wasu buhunan kuwa an samu har 4.6. A ƙarshen 2018 bidiyon ƴan kasuwa suna yayyafa wa wake maganin ƙwari na Sniper ya zaga wayoyin mutane, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shagunan unguwa. Duk lokacin da irin wannan ta taso, sai ka ji ana cewa a koma wa na gargajiya, kakanninmu da me suka adana hatsi? Cikin shuke-shuken da ake ambata, ɗaya daga waɗanda masana aikin gona a Afirka suka fi ɓata lokaci a kansu ita ce magimfa. Wasu suna cewa majimfa, wasu jimfa.

Ni ra'ayina a kanta a fili yake. Magimfa guba ce ta gaske. Masu ganin ganye ne kawai don haka ba ya cutarwa sun yi kuskure, haka ma masu ganin camfin ƙauye ne. Hali ɗaya ne da ita, kuma daga wannan halin duk amfaninta da duk matsalarta suka fito.

Ba itace ba ce, ba kuma ciyawa ba. Tana tashi tsaye ta yi rassa, ta kai tsawon mutum ko ta ɗara, inda ƙasa ta karɓe ta ma ta kai mita 4. Kararta da ƴaƴanta suna da gashi mai laushi kamar karammiski. Ganyenta jere yake bibbiyu a kan sili ɗaya, da guda a can ƙarshe, bayansa yana ɗaukar ido da launin toka. Furenta irin na wake ne sak, sai dai ya fi girma, wani fari fat, wani shuɗi mai sirkin ja, yana fitowa cunkus a kan rassa. Bayan fure sai kwanso dogo mai gashi, kamar tsawon tafin hannu, da ƙananan ƙwayoyi masu duhu a ciki. Ƴar gida ɗaya ce da wake da gyaɗa da gurjiya, da baba na rini, da ɗorawa da gawo da bagaruwa. Asalinta nan nahiyarmu ne, daga baya aka kai ta Asiya da Amurka, inda ake dasa ta tsakanin itatuwan shayi da kofi don inuwa da gyaran ƙasa.

Sunanta na kimiyya Tephrosia vogelii, kuma akwai labari a cikinsa. Kalmar farko daga Girkanci take, tana nufin mai launin toka. Ta biyu sunan wani Bajamushe ne masanin tsirrai, Theodor Vogel, wanda ya shigo cikin ayarin jiragen ruwa uku da Ingila ta turo kogin Neja a 1841, ayarin da Samuel Ajayi Crowther ma yake ciki. Zazzaɓi ya yi wa ayarin kaca-kaca, Vogel ya koma tsibirin Fernando Po ba lafiya, ya rasu a can a watan Disamban shekarar, bai cika shekara 30 ba. A 1849 aka buga bayanin tsirran da ya tara, Joseph Hooker ya laƙaba wa wannan sunansa. Da likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya samu magimfa a matsayin abin da mutane ke shukawa kusa da gida don su. Wannan yana nuna cewa tun kafin a san me ke cikinta, an daina jiran ta a daji, an mai da ita abin dasawa.

Me ke cikinta? Gungun sinadarai ne ƴan uwan juna, wanda ya fi suna shi ne rotinon, amma a magimfa wanda ya fi yawa shi ne ɗan uwansa digwalin, sai tefurosin. Ganye ne ya fi ɗauke da su, shi ya sa ba sai an tumɓuke shukar ba, saɓanin wasu tsirran Asiya da Kudancin Amurka da sai an haƙo saiwa ake samun rotinon.

Aikinsu a jiki shi ne mabuɗin komai. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan murahu da masana ke kira maitokondiriya, inda abinci da iskar shaƙa ke haɗuwa su zama ƙarfi. Rotinon yana zuwa ya toshe matakin farko na wannan aiki. Itace na nan, tukunya na nan, wuta ce ta ƙi kamawa. Shi ya sa idan aka daka ganyen aka zuba a tafki, cikin ɗan lokaci za ka ga kifaye sun taso sama suna haki kamar ruwan ya ƙare da iska. Iskar tana nan daram, jikinsu ne ya kasa cin moriyarta. Kifi ya fi kowa shan wahala saboda jajayen filla-fillan nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, waɗanda yake numfashi da su, suna zuƙe gubar daga ruwa kai tsaye zuwa jini. Ƙwari ma ba su da kariya sosai. Mutum kuwa da sauran dabbobi masu shayarwa, idan ta baki ta shiga, hanji ba ya tsotse ta da yawa, hanta kuma tana farfasa abin da ya shige. Wannan ne ya sa aka yi ɗaruruwan shekaru ana cin kifin da aka bugar da magimfa ba a ga mutane suna zubewa ba.

Sai dai su da guba ba ya zaɓe. Koma da taru suna da ido, ƙaramin kifi ya sulale ya girma ya zama na baɗi. Magimfa kuwa tana kwashe babba da ƙarami, ta haɗa da talibambam da ƙwarin ruwan da kifayen ke ci. A da, inda sarkin ruwa ke da iko, akan ware wani gurbi a yi masa haka sau ɗaya idan ruwa ya janye, saura a bar shi. Da mutane suka yi yawa, kuma aka gano cewa gamalin, wani maganin ƙwari na kanti, ya fi ganye saurin aiki, sai abin ya zama ɓarna tsantsa. Gamalin ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a kitsen kifi ya bi mai ci, kuma sinadarinsa na cikin waɗanda aka sa a yarjejeniyar Stockholm ta haramci a 2009. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba da nakiya da wutar lantarki, ba ta kuma ware ganye ba. Inda wannan hali nata ke da halastaccen amfani shi ne wajen masu kiwon kifi, irin sana'ar da aka san Panyam da ita a ƙaramar hukumar Mangu: kafin a zuba sababbin ƴaƴan kifi, akan so a share tafki daga baƙin kifayen da za su cinye su. A nan ma akwai lura ta musamman ga ƴan Filato. Zafi da hasken rana ne ke kashe gubar, don haka a ruwan sanyi irin na Jos lokacin hunturu ta fi daɗewa da ƙarfinta fiye da yadda za ta yi a Lokoja.

Wannan raunin da take da shi a gaban rana shi ne rabin na biyu na halinta. Idan aka fesa ruwanta a kan ganye, cikin ƴan kwanaki ta watse. Ga mai kabeji ko latas ko koren wake da zai kai kasuwar Farin Gada ta Jos, wannan alheri ne, domin kayan ba za su isa kasuwa ɗauke da magani ba. Ga aljihunsa da ƙarfinsa kuwa wahala ce, tunda sai ya yi ta maimaita feshi. Yadda masu bincike suka yi a gonakin manoma a Tanzaniya da Malawi shi ne a shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa kilo 1 na garin a lita 10 ta ruwa da ɗan sabulu kaɗan, ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Kowane mataki da dalilinsa. Inuwa da yamma don guje wa rana ne. Sabulu kuwa saboda waɗannan sinadarai ba sa son narkewa a ruwa zalla, kuma yana taimaka musu su manne a ganye. Wanda ya shanya a rana tsaka a kan dutse, ya jiƙa na minti goma, ya fesa da hantsi, sannan ya ce magimfa ƙarya ce, shi ya yi wa kansa.

A wajen adana wake labarin ya fi sarƙaƙiya. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki, ta ci ta ƙoshi, ta fito da fiffike bayan kamar mako uku zuwa huɗu, ramin da muke gani kuwa ƙofar fitarta ce. Garin magimfa da aka gauraya da wake yana kashe wanda ya fito yana yawo, yana kuma rage sabon ƙwai. Amma wadda ta riga ta shige ciki tana cikin ɗakinta a rufe, babu abin da ya same ta. Saboda haka garin yana aiki ne idan an sa shi da wuri, a kan waken da ya bushe sosai kuma bai riga ya kamu ba. A ganina ya fi dacewa da waken iri, wanda za a shuka. Waken ci kuwa akwai abin da ya fi: buhun nan mai ciki uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, a ɗaure kowacce daban, ƙwarin su shanye ɗan iskar da ke ciki su mutu, har da na cikin ƙwayar. Jarka ko duro mai murfin kirki ma haka yake yi idan an cika shi taf. Babu guba ko kaɗan, ta kanti ko ta ganye.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shekara da shekaru. Manomi ɗaya ya yi amfani da ita ya yaba, maƙwabcinsa ya bi duk ƙa'ida ya ga ƙwari suna rawa a cikin garin. Akan ce hannu ne, ko an tsinka ba a kan lokaci ba. A 2012 masu bincike daga lambun tsirrai na Kew da jami'ar Greenwich a Ingila, tare da abokan aikinsu na Malawi, suka buga abin da suka gano: magimfa iri biyu ce a ciki, ko da yake a waje kamarsu ɗaya. Ɗaya tana ɗauke da digwalin da ƴan uwansa. Ɗayar ba ta da su sam, wasu sinadarai ne daban a jikinta waɗanda ba sa yi wa ƙwaron wake komai. Da suka bi wuraren da manoman Malawi ke shuka ta don maganin ƙwari, kusan ɗaya cikin huɗu na shukokin marasa dafin ne. Abin takaicin shi ne an yi ta raba wa manoma irin marar dafin a shirye-shiryen gyaran ƙasa, domin a wannan aikin duka biyun suna yi, ba wanda ya duba ɗaya ɓangaren.

Wannan ne ainihin inda maganin kanti ya fi ta. Kwalbar fiya-fiya, duk sharrinta, abin da ta yi jiya shi za ta yi gobe. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a buhu ɗari biyu ba zai jingina dukiyarsa da ganyen da ba shi da tabbas a kansa ba, kuma wa'azi a kan komawa gargajiya ba zai sauya masa lissafi ba. Ko irin mai dafin ma ƙarfinsa yana hawa yana sauka gwargwadon lokacin shekara da wurin da ya tsiro.

A wajen gyaran ƙasa kuwa ba ta da wannan matsalar, kuma a nan ne nake ganin Jos ta fi buƙatarta. Idan ka tumɓuke ƙaramar magimfa za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarta, irin na gyaɗa. Gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne da ke kamo naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, wato abin da manomi ke saye a buhun yuriya. Ba duk dangin wake ke da wannan baiwar ba, tsamiya da tafasa alal misali ba su da ita. A Zambiya da Malawi an daɗe ana shuka magimfa a gonar da aka bari saura na shekara ɗaya ko biyu, a sare ta, a binne ganyen, a shuka masara a bayanta, amfanin ya fi na saurar da aka bar wa ciyawa.

Tsaunin Jos yana da tsayin kusan mita 1,200, ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, kuma wannan daidai ne da abin da take so, tunda tana jure tudu har sama da mita 2,000, fari ne ba ta so. Ga kuma ƙasa mai neman taimako. Haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20 ta bar tsibin jar ƙasa da tafkuna birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi, ƙasar da ma can mai tsami ce, ruwa ya wanke ta. Masu lambu a bakin kogin Dilimi sun daɗe suna sayen tokar bola suna zubawa don su farfaɗo da fili, abin da ke nuna yadda yunwar ƙasar ta kai. Jerin magimfa a matsayin shinge zai kare iskar hunturu, ya riƙe ƙasa a gangare, ya ba da ganyen taki, kuma awaki ba su cika damuwa da ita ba, wanda duk mai lambu a bakin gari ya san darajar hakan. Amma naitirojin kaɗai take kawowa daga waje. Sauran abin da kamfa ke bayarwa, musamman fosfaras wanda ƙasa mai tsami ke riƙewa, dole a nemo shi ta wata hanya, in ba haka ba ita kanta ba za ta yi ƙwari ba.

Akwai kuma tarko ga mai tumatir da mai dankalin turawa. Saiwar magimfa masauki ce ga wasu tsutsotsi ƙanana da ido ba ya gani, masu kumbura saiwa su sa shuka ta tsumbure ta yi yaushi ko da ruwa a gindinta. Tumatir da dankali da taba suna cikin waɗanda suka fi cutuwa da su. Wanda ya sare magimfa a Bokkos ko Mangu ya dasa dankali nan take a gurbinta, yana iya tarar da ya tara wa kansa abokan gaba. Masara, dawa ko acca su suka dace su biyo bayanta. Tsoho ya iya bambance ƙullin alheri da na cuta da ɗan yatsa: na naitirojin a gefen saiwa yake, yana ɓallewa idan an murza, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Makiyaya a gabashi da kudancin Afirka suna wanke shanu da ruwanta don kaska, ana kuma amfani da ita ga ƙwarƙwata da ƙuma a jikin dabbobi da akurkin kaji. A jihar da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take tun 1924, bai kamata makiyayi ya rasa wanda zai tambaya a kan gwargwado ba. Abu biyu dai tabbas ne: alade ba ya jure rotinon kamar saniya, kuma ruwan wankin bai kamata ya gangara rafi ba.

Game da mutum, cewa hanji ba ya tsotse ta sosai ba lasisi ba ne. Shaƙar ƙurarta ya fi haɗiye ta haɗari, kuma mai daka busasshen ganye a turmi ƙura yake tayarwa. A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar Emory ta Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana ɗura wa rotinon a jini sun kamu da alamun cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki. A 2011 wani binciken a kan manoman jihohin Iowa da North Carolina ya samu cewa waɗanda suka yi aiki da shi sun ninka sauran kusan sau biyu da rabi wajen kamuwa da cutar. Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a gona a 2008. Gaskiya ne waɗannan a kan tataccen rotinon ne, wanda ya fi jiƙon ganye ƙarfi nesa ba kusa ba, amma digwalin ma wuri ɗaya yake toshewa a jiki. A rufe hanci da baki wajen daka da feshi, a ware mata turminta daban da na abinci, kada a ba yara aikin, waken da aka adana da ita kuma a sheƙe a wanke sosai kafin a ɗora.

Abin da ya rage shi ne tambayar iri. Jami'ar Jos tana da sashen harhaɗa magunguna, ga kwalejin gandun daji ta tarayya a cikin gari, kuma tantance mai dafi daga marar dafi ba aiki ne mai wuya ga ɗakin gwaji ba. Da za a tantance ƴan gindi kaɗan a tara irinsu a raba wa manoma da tabbaci, da rabin gardamar ta ƙare. Kafin nan, mai gindi ɗaya a bayan gida yana iya gwada tasa da kwalba biyu. Ya zuba waken da babu huda a kowacce, ya gauraya ɗaya da cokali guda na garin ganyen, ya saka ƙwari masu rai kamar ashirin-ashirin, ya rufe bakin da ƙyalle don iska ta shiga, ya ajiye a inuwa. Bayan kwana uku ko huɗu ya juye a faranti ya ƙirga. Idan na kwalbar garin sun mutu na ɗayar suna yawo, ya tara irin wannan gindin ya ba maƙwabta. Idan duka suna yawo, tasa ta taki ce da shinge.